Shekarar da Ban Dasa Uwaye Ba

Aikin farko da Baba Mani ya sa ni, ranar da na isa gidansa a Taloka, shi ne in zauna gaban tulin albasa in fitar da waɗanda suka isa zama uwaye. Uwa, a bakin masu sana'armu, ita ce albasar da ba a ci, ba a kai kasuwa. Ajiye ta ake yi ta wuce damina, in sanyi ya shigo a mayar da ita ƙasa, ta yi fure ta ba da iri. Na wuni a wurin. Na zaɓi manya masu sheƙi na jera a tabarma, har ina rubuta dalilina a ɗan littafin da nake yawo da shi tun daga jami'a. Bayan la'asar ya zo ya tsuguna, yana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya yana danna wuyan kowace da babban yatsa. Cikin duk abin da na tara, uku ya ware gefe.

"Sauran fa, Baba?"

"Sauran na miya na. Kai ma Hajo su, ka ce mata ɗan boko ya yi mata cefane."

Inna Hajo, matarsa, ta karɓi ƙwaryar tana dariya. Ta ce kada in damu, wanda ya riga ni zuwa koyo ko ɗaya bai samu ba.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke zuwa wurina yanzu kuna cewa in koya muku fid da iri cikin mako biyu. Na san abin da kuke gani. Kun ga albasa a fangali ta fid da kara ta yi farin kai, kun ga baƙaƙen ƙwayoyi na zuba, sai ku ce ai ba wani aiki ba ne, a bari ta bushe a kaɗe a ƙwarya. To wannan albasar da ta yi gaggawar fure tun shekararta ta farko, ita ce ba a ɗibar irinta. 'Ya'yanta gaggawar za su gada. Manomin da ya shuka su zai ga gonarsa ta yi fari fat, ya tona ƙasa ya tarar da abin da bai wuce ƙwan zabo ba, ga kara mai tauri a tsakiya. Ba zan ce kullum haka take faruwa ba, amma na gani sau da yawa, kuma wanda ya sayar da irin ba ya sake shimfiɗa tabarma a kasuwar Goronyo a saurare shi.

Ni ma da irin tunaninku na zo, har na fi ku, don ni ina da takardar shaidar karatun aikin gona. Na zauna gida a Wurno ina jiran aikin gwamnati da bai zo ba, har kawuna ya gaji da ganina a ƙofar gida ya tura ni wurin abokinsa. Lokacin ruwan dam ɗin Goronyo ya riga ya sauya fadamar. Inda da ake jan ruwa da jigo an haƙa kanal, mutane sun samu fuloti, noman rani ya zama abin riƙe gida. Kowa na neman iri, masu fid da shi kuwa ba su da yawa. Baba Mani ya gaji nasa daga mahaifinsa. Albasarsa ja ce mai duhu, ba ta cika girma ba, wuyanta siriri, rigarta uku ko huɗu a matse. Ba ta da wani suna sai irin Mani.

Ajiyar uwaye ita ta fi cin rai. Muna zuba su a rudu, wato ɗan rumbun kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa ta ƙasa, a yi masa jinka. Duk tsawon damina, bayan kwana uku ko huɗu, sai na hau na juya su da hannu. Hanci ya fi ido aiki a wurin. Albasa in ta fara ruɓa tana da wani wari mai zaƙi-zaƙi, in ba a cire ta a ranar ba sai ta ja waɗanda ke jikinta. Na taɓa sayo ma'aunin zafi na rataya a cikin rudun. Baba bai hana ni ba. Sai dai kowace safiya in na sauko yakan ce, "To, mi likita yac ce?"

In sanyi ya shigo sai yanka. Wuƙar gajera ce, ta sha wasa har bakinta ya lanƙwashe ciki. Ana datse kan uwa, kamar kashi ɗaya cikin uku, don a ga cikinta kuma a buɗe wa tsiro hanya. In aka ga zuciya biyu, tagwaye ke nan, kwandon miya za ta. In ɗaya ce, zobe bisa zobe, sai a dangwala fuskar yankan a toka, a jera a inuwa ta sha iska, washegari a dasa. Mutum kan wuni yana hawaye ba wanda ya mutu. Inna Hajo kan tattara kawunan da muka datse ta shanya, ba a zubar da komai.

Ranar da na fara ganin Baba yana rataya kayan cikin kifi a sanduna kewaye da fangalin fure, na ɗauka wani asiri ne, na kau da kai don kada ya ce ina leƙe. Masunta na bakin dam ke tara masa. Da ya ga ina toshe hanci sai ya nuna mini kawunan furen, ƙudaje da ƙudan zuma sun rufe su suna tashi daga wannan zuwa wancan.

"Ga ma'aikatanmu nan. Ba su biɗar albashi, ba su yajin aiki. In ba su zaka ba, hure kawai kay yi."

Shi ya sa ba a feshi kusa da uwa mai fure, kuma ba a yarda wata irin albasa ta yi fure kusa da taka, don ƙuda ba ya tambayar gonar wa ya fito. In kawunan suka fara tsagewa sai a yanke su da safe cikin ƙwarya, a shanya a inuwa, a murje da tafin hannu, a bakace a faifai. Daga nan a juye a bahon ruwa. Abin da ya taso sama ƙaiƙayi ne, a kwashe. Abin da ya nutse shi ne iri, a tsame shi da sauri a baza a tabarma kafin ya sha ruwa. In ya bushe ƙarau a gauraya da toka a rufe a gwangwani. Daga shuka zuwa gwangwani, rani biyu ke nan da damina a tsakani.

Masu sayen irinmu manoma ne daga Wurno da Rabah da ƙauyukan bakin kanal, amma wanda ya ɗaga sunansa ba manomi ba ne. Alhaji Garba ɗan kasuwa ne mai loda albasa a manyan motoci, ta Nijar har ƙasashen bakin teku. Tafiyar kan ci kwanaki, wani lokaci ta haura mako biyu in an sha tsayuwa a shingaye. Albasa mai ruwa da kaurin wuya ba ta kai wa. Ranar kasuwa yakan bi layin buhuna ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya zaro ta tsakiya ya ce, "Wagga ta Mani ta?" In ita ce, ita yake fara ɗauka. Don haka manoma ke neman irinmu. Matan gida a nan sun fi son babba mai cika hannu, tamu kuwa don hanya aka yi ta. Na daɗe ban lura ba cewa sana'ar da nake koyo a rataye take jikin wata ƙofa da ban taɓa gani da idona ba.

Maganar buɗe iyaka da rufe ta ba rana ɗaya ta fara ba. Shekaru aka yi ana jan ta a rediyo. Masu shinkafa na cewa 'yar waje ta hana su shan iska, in ba a tare ta ba noman fadama ya mutu. Masu albasa na cewa akwai yarjejeniya da ƙasashe maƙwabta, kayan gona su wuce ba tsangwama, wanda ya taɓa ta ya taɓa tuwonsu. 'Yan siyasa in sun zo Goronyo sukan duba waɗanda suka fi yawa a rumfar kafin su buɗe baki. Abin da ya sa gardamar ta yi zafi a wurinmu shi ne sau da yawa mutum ɗaya ne duka biyun, shinkafa a fulotinsa na bakin kanal, albasa a na tudu. Na ga wa da ƙane sun bar cin abinci a kwano ɗaya a kanta.

Wata ranar kasuwa, ina zaune da gwangwanayenmu, Shehu mai injin casar shinkafa ya tare Alhaji Garba.

"Ku masu albasa ku ka son a bar ƙohwa buɗe, kowane tarkace shi shigo muna."

"Shehu, ƙohwar da shinkahwa ka shigowa, ta nan albasa ka hita. Ka taɓa ganin ƙohwar da ka buɗe ma mai hita ta ƙi mai shiga?"

"To a ruhe ta, ku ci albasarku!"

"Kai za mu hwara ɗura ma, buhu guda da sahe."

Aka yi dariya, sai suka juyo kaina, tun da ni ne na yi karatu. Yarjejeniyar nan alheri ce ko sharri? Na ce ta yiwu ta amfani mai albasa, ta yiwu kuma ta takura mai shinkafa, ya danganta da yadda aka bi da ita.

"Ku ƙyale Malam Ta-yiwu," in ji Alhaji Garba. "In kun tambaye shi ko rana ta hito, sai shi ce bari shi diba littahi."

Sunan ya bi ni. Ban ji haushi ba, don gaskiya ne, kuma har yau in aka yi mini tambayar amsata ba ta canza sosai ba.

An rufe iyakar ne cikin damina, uwayenmu suna rudu. Motocin Alhaji Garba biyu suka tsaya a bakin boda har ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashinsu, aka juyo da su aka zubar a bayan gari. Shinkafa ta yi tsada. Kafin a shiga rani duk wanda na sani ya yanke shawarar mayar da fulotinsa shinkafa, masu rabon ruwan kanal kuma suka sake tsari yadda zai dace da ita, a cika fuloti a bar ruwa kwance. Albasa ba ta son ƙafarta cikin ruwa. A wannan shekarar ce kuma yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya koma zaure, yawancin aikin ya dawo hannuna. Ina shekara ta bakwai tare da shi, in ban yi kuskure ba.

Wata safiya ya kira ni.

"Bello, ƙaƙa kag gani? Mu dasa ko mu bari?"

A iya tunawata, wannan ce rana ɗaya da aka tambaye ni ban ce ta yiwu ba. Na lissafa masa dalilai. Ba mai sayen iri bana. Maƙwabtanmu na kowane gefe za su cika ruwa ya malalo mana. Shinkafa za ta ciyar da gida. Muna da irin bana gwangwani huɗu cike, kuma na karanta cewa iri in ya bushe aka rufe shi gam yana yin shekaru. Rufewar ma ba za ta daɗe ba, ga shi kullum rediyo na cewa ana zaman sulhu.

Sai ya ce, "Babana bai taɓa tsallake shekara ba."

"Mi ya sa, Baba?"

"Ban tambaye shi ba."

Shi ba shi da dalili ko ɗaya, ni ina da biyar. Ya shafa gwiwarsa ya ce, "To. Kai ka gani yanzu, ni ba ni gani. Yi yadda kac ce."

Abin da na karanta gaskiya ne, sai dai a kan ɗakunan ajiya masu sanyi aka rubuta shi. Ni kuwa na ɗora gwangwanayen bisa katanga a ɗaki mai rufin kwano. Uwayen da muka yi wata biyar muna juyawa, wasu na kai kasuwa aka saye su a wulaƙance, sauran Inna Hajo ta yayyanka ta shanya. Muka shuka shinkafa, kuma don kada in ci amanar gaskiya, ta yi kyau. Gidan bai rasa abinci ba. Shehu mai inji ya ƙara inji na biyu, samarin da ke shirin tafiya ci-rani da yawa suka zauna. Ba zan ce rufewar ba ta amfani kowa ba.

Rani na biyu ya zo iyaka na rufe. A nan ne ya kamata in ɗebi ko tafi ɗaya in shuka a wani tudu in samu sababbin uwaye. Na buɗe gwangwani na duba, irin baƙi wuluk, ba ƙwaro ba danshi, na mayar na rufe. Wannan ku riƙe shi, ko kun manta sauran: mataccen irin albasa da mai rai kamarsu ɗaya a ido.

Da aka buɗe hanya, Alhaji Garba da kansa ya zo Taloka. Ya rame, amma bakin na nan.

"Baba, an buɗe. Ina irin? Mutanen can sun ƙosa, kullum sai sun tambaye ni ja mai riga huɗu."

Na ce ya ba ni kwana goma. Na yanki buhun algarara gida huɗu, na jiƙa, na barbaɗa irin kowane gwangwani a nasa, na naɗe na tura gindin randar Inna Hajo inda ke da sanyi. Haka ake gwaji. In iri na da rai, kafin kwana goma za ka buɗe ka ga fararen zare sun cika algararar kamar gemu. Ranar da na buɗe na farko ba komai. Na biyu ba komai. A na uku da na huɗu na ga zare nan ɗaya can ɗaya, wanda yatsun hannu za su ƙirga.

Kafin in gaya wa Baba sai da na hau babur na zaga Wurno da Rabah, gida-gida, wurin tsofaffin masu sayenmu. Ba wanda ya ajiye. Manomi ba ya wahalar da kansa da uwaye in ya san akwai mai yi masa, mu ne ajiyarsu. Waɗanda suka koma albasa sun koma da irin gwangwani na waje, wanda ya cika kasuwa a lokacin. Yana girma da sauri, yana cika buhu, ban ce ba shi da kyau ba. Amma ba namu ba ne, kuma ba a fid da iri daga gare shi ya fito kamar uwarsa.

Na kawo algararar na shimfiɗa a gaban Baba. Ya lalubo da yatsa a hankali har ya taɓa zare ɗaya, ya tsaya a kai.

"Akwai masu rai?"

"Akwai, amma…"

"Bar amma. Kawo gwangwanin duka."

"Baba, laifina ne."

"Na sani. Ɗauko garwar ban-ruwa."

Irin da zai isa gonaki masu yawa muka juye gaba ɗaya a fangalin raino a bayan gida. Abin da ya tsiro bai wuce faɗin tabarma biyu ba, shi ma tsalli-tsalli. Inna Hajo ta kafa kujerarta a wurin da tsinken kara a hannu, kaza ba ta isa ta matso ba. Da suka isa dashe sai matsalar wuri. Fadama duk shinkafa ce da feshi, inda ba shinkafa kuwa irin waje ne. Baba ya ce in tafi Kwargaba wurin Sambo, wani Bafulatani abokinsa da ke kawo mana taki. Sambo ya ba mu tsohon makwancin shanunsa kusa da rijiya, ya ƙi karɓar komai. Ranin nan da guga na yi shi. Ni da na yi karatun ban-ruwa na zamani, da igiya na ƙare, tafin hannuna ya yi kanta.

Abin da na tona kwando ɗaya ne da ɗan kai. Na kawo zaure na juye a tabarma, kuma na riga na shirya maganata. Na ce wa Baba bana kam kada mu zaɓa, mu ajiye duka. Na bayyana masa cewa in uwaye suka yi kaɗan iri kan yi rauni, kamar garken da ba a shigo masa da baƙon bijimi. Wannan ma a littafi yake, kuma ina jin gaskiya ne. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ta farko, ya juya ta, ya ajiye hagu. Ta biyu hagu. Ta uku dama. Na zauna ina kallon tulin hagu yana girma.

"Baba, in muka zubar da waɗannan mi zai rage?"

"Namu."

"Ko rabi ba za su kai ba."

"Bello, in ka dasa mai kaurin wuya don tsoro, baɗi kana da iri cike da gwangwani. Garba shi loda, ta ruɓe ga hanya, a ce ta Mani ta. Gara a ce ta ƙare da a ce ta lalace."

A raina na ƙudura in ɓoye na hagun in dasa su a wani wuri, ko don gaba. Ban san yadda ya gane ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Hajo, zo ki kwashe waɗanga, yau nika son a yanka su." Ta zo da wuƙa da faifai ta zauna a gabana, ta yayyanka su tas, tana yi tana ba ni labarin bikin wata jikarta kamar ba abin da ke faruwa.

Har yau ba zan iya ce muku wane ne ya fi gaskiya tsakanina da shi ba. Ina lura da tsiron kowace shekara, wani lokaci ina ganin kamar bai kai na da ƙarfi ba, wani lokaci in ce idona ne. Gardamar iyaka ma ba ta ƙare ba. An sake rufewa, an sake buɗewa, kowane zaɓe sai an tayar da ita, kuma in kun tambaye ni wa ke da gaskiya tsakanin Shehu da Alhaji Garba zan ce kowannensu gidansa yake karewa. Abin da na daina shi ne tambayar rediyo kafin in dasa. Ko ba mai saye, ko fangali ɗaya ne, uwaye sai sun shiga ƙasa.

Daminar nan uwa biyu suka ruɓe a rudu, sauran suka kai. Na yanka su na dasa a Kwargaba. Da suka yi fure na zo da kayan cikin kifi a leda, Sambo ya dube ni ya dubi shanunsa ya ce, "Malam Bello, ƙuda za ka kawo ma Bahillace? Mai da kihinka gida." Irin da na samu kwalba ɗaya ce. Ba mu sayar ba. Baba ya sa na raba wa manoma uku da suka fi daɗewa da mu, muka rage kaɗan na uwaye.

Da manoman suka tona albasarsu, Alhaji Garba ya ɗauki buhu shida ya ɗaure bakinsu da shuɗin zare, ya sa cikin lodin albasar wasu. Ya ce shi ba zai yi wa kowa alkawari ba sai hanya ta yi magana. Tafiyar kuwa ta zo da tsiya. Ƙasashen maƙwabta ba su huce da rufewar da aka yi musu ba, aka riƙe motocinmu kwanaki a rana, a ce takarda kaza ba ta cika ba, in an kawo ta a ce wata. Labari ya riƙa zuwa mana guntu-guntu. Baba bai tambaye ni komai ba, sai dai duk motar da ta tsaya a bakin titi yakan ɗaga kai.

Ranar wata Laraba da hantsi Alhaji Garba ya yi sallama. Ya zauna, aka gaisa, aka kawo ruwa ya sha, ya tambayi jikin Baba, ya tambayi Inna, har ya tambayi shanun Sambo. Ni ina gefe na kasa zama sosai. Sai ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da albasa ɗaya ya ɗora a tafin Baba.

"Lodin nan rabi munka zubar. Masu shuɗin zare ko, buhu shida, abin da munka cire bai cika ƙwarya ba. Wagga na hana a saida ta. Ta tahi har bakin teku ta komo."

Baba ya rufe ta da hannu biyu. Ya kai ta kusa da kunne ya murza, rigar ta yi ƙaras-ƙaras.

"Iyaka nawa ta ƙetare?"

"Uku zuwa, uku komowa. Kuma ita ɗai ta ba a tambaya takarda ba."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya kira Inna Hajo ya ce ta zo ta ga wadda ta fi su yawon duniya su biyun. Ta zo ta karɓa ta jujjuya, ta ce in ba a so a ba ta, miyar yau ba albasa. Ya ce a'a, ya karɓe abarsa. Ya riƙe ta ɗan lokaci a cinyarsa, sannan ya miƙo ta wajen da yake jin numfashina.

"Bello, sa ta ga rudu, can sama inda iska ka bugawa. Kada ka danne ta da wasu. Ta sha hanya, bari ta huta."